Shekarar da Tulun Alƙali Ya Yi Tsami

Miya ce ta fara tona asirin. Ranar nan Buni ta zuba gishiri a miyar daddawar waken suya, sai wayar 'yarta Hyesuk ta ɗauke mata hankali, da ta dawo ta sake zubawa. Sai da aka zauna cin abinci ta kai cokali baki ta ji ɓarnar da ta yi. Ta ajiye cokalin tana jiran hukunci, domin mijinta Taegon tun tana amarya yake yi wa girkinta alƙalanci, kuma bai taɓa yi mata sassauci ba. Amma ranar ya sunkuyar da kai ya shanye kwanon tas, ya goge baki, ya ce, "Ta yi."

Buni ta kwashe kwanuka. Washegari da gangan ta bar shinkafa ta kama a tukunya, ƙauri ya cika gidan har kyanwa ta fice, shi kuwa yana zaune dab da ƙofar kicin yana karanta jarida, ko kai bai ɗaga ba. Nan ta tabbatar da abin da take tsoro. Zazzafar murar da ta kwantar da shi a ƙarshen kaka ta tafi, amma ta tafi da hancinsa da harshensa.

A wani gidan da an ce abin da sauƙi, tsoho ya huta da mita. Ba a gidan Eom Taegon ba. Shi ne alƙalin ƙungiyar masu haɗa giyar inabi ta Dolmaru, tun kafin a shimfiɗa kwalta zuwa ƙauyen. Mu nan inabi mai kyau birni yake tafiya a kwali, wanda ya fashe ko ya yi ƙanƙanta shi ake matsewa da hannu a zuba a tulu. Ba mai sayarwa. Girman kai ne kawai a cikin tulunan, kuma ya fi giyar ƙarfi. Duk shekara, ranar da watan farko na sabuwar shekara ya cika, kowane gida yakan kai kwalba ɗaya ɗakin taron ƙauye, a naɗe da jarida yadda ba mai gane ta wane ce, alƙali ya ɗanɗana ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi na ɗaya ya tafi da ludayin tagulla ya rataye a falonsa har baɗi. Wanda tasa ta fi tsami kuwa a ba shi marfin tulu, wai ya je ya koyi rufewa, a yi ta yi masa dariya har lokacin dashen shinkafa.

Taegon ya ajiye tuƙin bas ɗin ƙauye da shekaru suka cim masa, gwiwa ta raba shi da gonar da ke kan tudu, abokan tasowarsa sun yi ta raguwa. Abin da ya rage masa da ake miƙewa in ya shigo saboda shi, wannan alƙalancin ne. Buni ta san haka fiye da kowa, ita da ke goge masa rigar da yake sawa ranar.

Akwai kuma wata al'ada da ta fi damunta. Alƙali ba ya shiga gasa, amma da kwalbarsa ta shekarar ake buɗe taro. Kwalbar wanke baki ake ce mata. Kowa zai kurɓa, harshe ya san ma'auni, sannan a fara. Tulun Taegon kuwa yana can a ɗakin ajiya na bayan gida, kuma doka ce ba mai taɓa shi sai shi. A shekarun baya kowace safiya yakan je ya kai hanci bakin marfi, ya ce yana sauraron abin da tulun zai gaya masa. Bana ma yana zuwa, amma tulun ya yi ta magana ba mai jin sa.

Ranar da Buni ta shiga ɗebo busasshen barkono, warin ya tare ta tun daga ƙofa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ba ta bukatar a gaya mata. Ta duƙa ta duba. Takardar da aka liƙe bakin tulun da ita ta ɗan yage ta gefen bango, inda ido ba ya kaiwa, iska ta samu hanya. Giyar alƙalin Dolmaru ta zama ruwan tsami.

Da rana suna ɓare gyaɗa ta gwada ta gefe.

"Baban Hyesuk, bana da ka bar wa Chilsong na ƙungiyarku alƙalancin nan, ka huta. Jikinka bai gama dawowa ba."

"Chilsong?" Ya kalle ta ta saman tabarau. "Wanda harshensa bai san bambancin giya da ruwan wankin shinkafa ba? Sai dai in na mutu."

"Ai ba mutuwa na ce ba, hutu na ce."

"A wajena duk ɗaya ne."

Da ta so, da ta faɗa masa kai tsaye. Kalmomin sun zo mata baki sun fi a ƙirga. Amma shi bai gaya mata ba, kuma wannan ya yi mata ciwo, ta zauna da mutum har gashinsu ya yi fari tare, ya rasa abu irin wannan ya ɓoye mata kamar baƙuwa. Tana jin haushinsa, tana kuma jin tausayinsa, tausayin ya fi yawa. Ana jajibirin taro ta tsaya a bakin ɗakin ajiya tana kallo ya cika kwalbarsa da ɗan ludayin gora. Da ya lura tana nan, sai ya kai kwalbar hanci, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai kamar yadda ya saba, ya ce, "Bana ma ba laifi." Don ita ya yi wannan wasan. Ta juya da sauri ta koma kicin, ta daɗe tana wanke kwanon da ba shi da datti.

Da safe, yana banɗaki yana aski, ta aikata abin da ta kwana tana saƙawa. A bayan randunan kimci, kabejin nan da ake jiƙawa da yaji, akwai kwalba ɗaya ta bara da ta ɓoye don surukan Hyesuk. Ta kwance jaridar da ke jikin ta bana, ta naɗe ta bara da ita, ta ɗaure da irin ƙullinsa. Ta san wannan kwalba ɗaya kawai za ta rufa masa asiri, sauran da za a jere masa ba ta san yadda zai yi da su ba. Amma aƙalla ba za a fara taron da mutane suna tofar da giyarsa ba.

Ɗakin taron ya cika tun hantsi. Takalma sun yi tsibi a ƙofa, dusar ƙanƙara na narkewa a jikinsu, daɓen ɗakin da ake hura wuta a ƙarƙashinsa ya yi ɗumi har yana ƙona mai zama. Mata sun jera shinkafa mai hatsi biyar da busassun ganyaye, yara na fasa gyaɗa da haƙori. Kwalabe na tsaye a dogon tebur, kowace sanye da jaridarta.

Bong Chilsong ne ya fara tarar su. Ƙato ne mai murya kamar a cikin ganga, ya daɗe yana hangen kujerar alƙali, bai kuma taɓa ɓoyewa ba.

"Ga Yaya, ga matar Yaya! Yaya, bana dai a ji tsoron sama. Marfin nan sau biyu yana kwana a gidana, matata ta fara ɗora shi a kan tukunya."

"To ka koyi rufe tulu mana," in ji Taegon, yana zama a kan matashinsa. "Ko ka fara da rufe baki, hannu zai koya."

Aka kwashe da dariya. A can ƙarshen tebur Na Yonok ta yi murmushi kawai. Ita ba ta daɗe da dawowa daga Seoul ba bayan rasuwar mijinta, tana auna zaƙin inabinta da wata 'yar na'ura, shi ya sa har yanzu ake ce mata 'yar birni, ko da yake a ƙauyen aka binne cibiyarta.

Aka raba fararen kofuna. Buni ta durƙusa gefen mijinta, ta ɗauki kwalbar wanke baki da hannu biyu ta zuba masa, sannan kwalbar ta zagaya. Kamar kullum, duk wanda zai sha sai ya kau da kai gefe, ya kare kofin da hannu, don ba a shan giya ana kallon babba ido da ido. Ɗaki guda ya juya wa Taegon ƙeya, ya kurɓa.

"Kai!" in ji Chilsong, yana lasar leɓe. "Yaya, bana ka wuce kanka. Wannan ai kamar ta shekara a tulu."

Taegon bai sha ba. Ya ɗaga kofin wajen hasken taga, ya ɗan karkata shi. Abin da Buni ta manta ke nan, mura ba ta taɓa idonsa ba. Sabuwar giya jan ta na da shuɗi-shuɗi a gefen kofi, wadda ta shekara kuwa gefen nata yakan koma kamar jar ƙasa. Ya daɗe yana kallon kofin. Sannan ya juyo ya kalle ta, ita kuwa ta rasa inda za ta sa idonta. A wannan kallon ya gane duka biyun, cewa tulunsa ya lalace, kuma matarsa ta sani.

Hanya a buɗe take. Da ya kurɓa ya gyaɗa kai, ba mai cewa uffan. Buni ta roƙe shi a zuci ya yi hakan. Sai ya ajiye kofin a hankali.

"Chilsong, yau harshenka ya yi gaskiya. Ta shekara. Wannan ta bara ce."

Kowa ya juyo ya zuba masa ido.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ya ce. "Tun murar kaka ban sake jin ƙanshin komai ba, ban sake jin ɗanɗanon komai ba. Ku ba ni zuma ku ba ni toka, duk ɗaya. Na zo nan yau da niyyar in duba kala in yi muku ƙarya, ku kuwa ku tafa min. Matata ta so ta rufa min asiri, ba laifinta ba ne." Ya juyo gare ta. "Maman Hyesuk, tawa ta bana yaya take?"

Buni ta ce, "Ta yi tsami."

"Sosai?"

"Za a iya jiƙa kabeji da ita."

Wani ya fara dariya ya haɗiye. Taegon ya gyaɗa kai, ya ɗauki kofin alƙali, ya tura shi gaban Chilsong, ya dafa tebur yana ƙoƙarin miƙewa a kan gwiwar nan tasa. "Ga kujera. Ka daɗe kana so."

Chilsong ya kalli kofin kamar an ajiye masa garwashi. Ƙaton nan sai ga shi ido ya yi ja. "Haba Yaya. Ni so nake in ƙwace ta da ƙarfina, ba a miƙo min haka ba. Kuma in na zama alƙali wa zan zaga duk shekara?"

Ba wanda ya san abin da za a yi. Buni tana kallon bayan mijinta, rigar da ta goge jiya, wuyan da ya yi masa yawa tun bayan ciwon. Ta san in ya fita ƙofar nan yau ba zai sake shigowa ba, zai zauna a gida gaban talabijin ya ƙare a hankali kamar sauran. Ita da ba ta taɓa buɗe baki a taron ƙungiya ba, aikinta wanke kofuna, sai ta ji ta riƙe gefen rigarsa.

"Zauna, Baban Hyesuk." Ta juya ga jama'a. "Ku da kuka hau bas ɗinsa, ku faɗi gaskiya. Wa ya taɓa ɓoye masa abu a madubin motar nan? Tun yaro bai san zai yi amai ba, shi ya riga ya tsayar da mota. Chilsong, ranar da ka je neman aure aka kore ka, ka gaya masa ne?"

"Ban gaya masa ba," in ji Chilsong. "Ya dai wuce da ni har ƙofar gida bai karɓi ko sisi ba."

"To. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ku kuna da harshe, shi yana da ido. Ku sha, shi ya yanke. Abu ɗaya ne kawai, ku daina kau da kai."

Aka ɗauki hayaniya. Wata tsohuwa da ake kira Kakar gidan tudu ta dafe ƙirji. "Mu sha giya muna kallon babba tsakar ido? Ai iyayenmu sai su tashi daga kabari!"

"Kaka, ai ke kin girme shi," wani ya ce daga baya.

"Duk da haka, alƙali ne!"

Taegon yana tsaye rabi, hannu a kan tebur. Ya dubi matarsa, wadda har yanzu ba ta saki rigar ba. A hankali ya koma kan matashinsa, ya gyara tabarau.

"Na yafe muku rashin kunyar yau," ya ce. "Ku matso inda haske yake. Chilsong, goge gemun nan, yana tare min hanya."

Ban taɓa ganin gasa irin ta ranar ba. Da farko wuyan mutane da kansa yake juyawa, sai Taegon ya buga tebur a dawo. Kwalbar farko ta sa hancin kowa ya tattare, ya ce an bar ƙwayar inabi ta daɗe a ciki, aka ce haka ne, ɗaci ne. Wata kuma aka sha ana murmushi, amma ya ga ana ta motsa harshe a dasashi, ya ce sukari ya yi yawa, wani ya so ya sayi alƙali da zaƙi. Da aka zo kan wata, tun kofi bai kai baki ba Chilsong ya fara lumshe ido yana girgiza kai kamar mai jin kiɗa.

"Wannan taka ce," in ji Taegon. "Ka haɗiye tukuna kafin ka yaba."

Ɗakin ya ɗauki ihu, Chilsong ya fi kowa dariya. Buni na zuba wa mutane tana satar kallon mijinta. Ya miƙe zaune, idonsa na yawo daga fuska zuwa fuska kamar dā a madubi, kuma ta ga wani abu da ba ta yi zato ba, yana jin daɗi. Duk shekarun nan ƙeyar mutanen nan yake gani in suna sha.

Can wajen ƙarshe aka buɗe wata kwalba. Aka kurɓa, ba wanda ya yi wata fuska, ba wanda ya yi magana. Hayaniyar ce kawai ta lafa. Kakar gidan tudu, wadda ta rantse ba za ta kalle shi ba, ta zuba masa ido ba ta ma san tana yi ba, hannunta ya miƙa kofi neman ƙari.

"Ita ce wannan," in ji Taegon. "A kwance jaridar."

Sunan Na Yonok ne a gindin kwalbar. Ta karɓi ludayin tagulla da hannu biyu tana hawaye, Kakar gidan tudu ta jawo ta ta zaunar kusa da ita, ta ce ai inabin uwar Yonok ma haka yake, daga ranar kuma aka daina ce mata 'yar birni. Da aka ɗauko marfin tulu ana neman wanda za a ba, Taegon ya miƙa hannu. Aka ce alƙali ba ya shiga gasa. Ya ce alƙali ya yanke, kuma yana da shaida a gida.

La'asar sakaliya suka kama hanyar gida, yana rungume da marfin a ƙirji, tana riƙe da gwiwar hannunsa saboda santsi. Sun wuce gadar ƙauye kafin ya yi magana.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun miyar nan."

"Gishiri ne ko me?"

"Gishiri. Sau biyu na zuba."

"Na ga fuskarki da kika kai cokali baki. Na san akwai abin faɗa, na rasa wanne ne, sai na shanye."

"Da ka gaya min," ta ce, haushin da ta daɗe tana dannewa ya taso. "Ni baƙuwa ce?"

Da suka kai ƙofa ya tsaya. "Kunya na ji," ya ce. "Taki ta fi tasu nauyi."

Bai shiga ɗaki ba, ya wuce ɗakin ajiya, ta bi shi. Hasken yamma na shigowa ta 'yar taga. Ya yage takardar bakin tulun, ya ɗebo da ludayin gora ya zuba a kofi, ya miƙa mata da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

"Ina so in san abin da na haɗa."

Ta karɓa. Jikinta da kansa ya juya wajen bango, yadda uwar mijinta ta koya mata tun tana amarya, yadda take yi duk sanda ya ba ta ta kurɓa.

"Ina za ki?" ya ce. "Ke kika kafa dokar."

Ta juyo. Ta kalle shi, ta kai kofin baki. Tsamin ya kama ta tun daga haƙori har bayan kunne, idonta ya rufe, bakinta ya tattare, hawaye ya zubo, wani na giyar, wani ba nata ba. Da ta buɗe ido ta same shi ya cire tabarau ya matso kusa, yana kallon ta kamar yau aka ɗaga mata mayafi.

"Ƙara kurɓa," ya ce.

"Tsohon nan, kashe ni za ka yi?"

"Ban gani da kyau ba."

Buni ta share ido da bayan hannu, ta matsa inda hasken ya fi yawa, ta miƙa masa kofin.